Jules Verne: marubucin da ya ratsa samaniyar Damagaram da Agadas ba tare da ya taka ƙasarsu ba

A ranar 24 ga watan Maris na 1905 ne Jules Verne ya rasu a garin Amiens da ke arewacin Faransa, yana da shekara 77. Fiye da ƙarni guda bayan haka, ƙididdigar hukumar UNESCO kan littattafan da aka fassara ta sa shi a matsayi na biyu a duniya, bayan Agatha Christie ta Ingila. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu da Faransanci a Nijar, Kamaru ko Chadi sun san shi a matsayin ɗaya daga cikin iyayen ƙagaggun labaran kimiyya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, littafin da ya fara fito da sunansa labari ne da ya bi ta Yola, tafkin Chadi, Damagaram da Agadas, alhali mai shi bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu da idonsa ba.

Ɗan lauya da ya ƙi gadon uba

An haife shi ranar 8 ga Fabrairu 1828 a Nantes, garin tashar jiragen ruwa da ke kan kogin Loire. Mahaifinsa Pierre Verne lauya ne, mahaifiyarsa kuma ta fito daga zuri'ar masu jiragen fatauci. Yaro ya tashi yana kallon jirage suna shigowa da kayan ƙasashe masu nisa, suna fita. Wannan sha'awa ta teku ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Uban ya tura shi Paris karatun shari'a da nufin ya dawo ya gaji ofishinsa. Jules ya kammala karatun, amma ya ƙi komawa gida. Zuciyarsa na wajen wasan kwaikwayo. Ya saba da gidan Alexandre Dumas, kuma a 1850 aka nuna wasansa na ban dariya mai suna Les Pailles rompues. Daga nan ya zama sakatare a gidan wasa na Théâtre Lyrique, yana rubuta ƙananan wasannin barkwanci da na waƙe-waƙe waɗanda ba su kawo masa suna ko kuɗi ba.

A 1857 ya auri Honorine, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Iyali sai da abin hannu, don haka ya shiga dillanci a kasuwar hannayen jari. Yakan tashi da asuba ya yi rubutu kafin ya tafi aiki, sauran lokacinsa kuma ya ƙare a babban ɗakin karatu na ƙasa, yana kwafe bayanai kan taswira, taurari, injuna da rahotannin matafiya a kan ƙananan takardu. Waɗannan takardu su ne jarinsa na gaskiya.

Mako biyar a samaniyar Afirka

A 1862 ya haɗu da mai buga littattafai Pierre-Jules Hetzel, wanda ke neman marubucin da zai koyar da yara ilimi ta hanyar labari mai daɗi. A watan Janairu 1863 aka fitar da Cinq semaines en ballon, wato mako biyar cikin balan-balan.

Labarin wani masani ne Bature ɗan Ingila, Dakta Samuel Fergusson, da abokinsa maharbi Dick Kennedy, da baransa Joe. Sun tashi daga tsibirin Zanzibar cikin kwandon da ke rataye a jikin wani ƙaton balan-balan mai suna Victoria, da nufin ketare Afirka daga gabas zuwa yamma. Dabarar da Verne ya ƙirƙiro ita ce wata na'ura mai ɗumama iskar da ke cikin balan-balan ɗin: in ta yi zafi ta kumbura sai a yi sama, in ta huce a yi ƙasa, ta haka matuƙin zai nemi iskar da ke kaɗawa inda yake so ba tare da ya zubar da komai ba.

Bayan sun wuce tafkin Victoria da mafarin kogin Nilu, matafiyan sun iso Adamawa, suka hango Binuwai da garin Yola, suka bi ta ƙasar Logone zuwa tafkin Chadi da Kukawa, babban birnin Borno na lokacin. A saman tafkin ne wasu manyan tsuntsaye suka yaga balan-balan ɗin, Joe ya faɗa ruwa da gangan don ya rage nauyi abokansa su tsira. Bayan an ceto shi, suka nufi yamma ta kan Damagaram da Damargu, suka kwana kusa da Agadas, suka wuce Gao da Tambutu, har suka kai gaɓar kogin Senegal.

Ina ya samo waɗannan sunaye? Mafi yawa daga rahotannin Turawan da suka riga suka zo: Denham, Clapperton, René Caillié, musamman kuma Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a yankin daga 1850 zuwa 1855 da sunan Abdul Karim, ya zauna a Agadas, Kano, Kukawa da Tambutu. Manufar Fergusson a cikin labarin ma ita ce ya haɗa inda Barth ya tsaya da inda Burton da Speke suka tsaya a gabashin nahiyar.

A nan ne mai karatu Bahaushe zai ji abu biyu lokaci guda. Akwai daɗin ganin sunan garinsu a littafin da duniya ta karanta. Akwai kuma ɗacin yadda aka siffanta mutanen garin. Barth ya iya Hausa da Kanuri da Larabci, ya zauna da sarakuna da malamai, ya rubuta tarihin kasuwanci da mulki. Verne kuwa ya fi tsinto abin da zai ba yaron Paris tsoro ko dariya. Damagaram, wadda a lokacin daula ce mai ganuwa da fatauci har Tarabulus, ba a ga komai nata daga sama ba sai filin kisa da itacen rataye mutane. Baƙaƙen fata a littafin galibi taro ne mai ihu, ko dai suna bauta wa balan-balan ɗin ko suna harbinsa. A ƙarshen labarin, mugayen da ke bin matafiyan su ne almajiran Alhaji Umar Tal, malamin Tijjaniyya da ya zauna shekaru a Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Masu ceto kuwa sojojin Faransa ne da ke jira a ɗaya gaɓar kogin.

Verne yana da rai lokacin da zancen ya tashi daga takarda. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona garuruwa a ƙasar Hausa har da Birnin Ƙonni, a 1900 kuma aka ci Rabe da yaƙi a Kusuri. Ba littafin labari ne ya kawo wannan ba. Amma irin waɗannan littattafai sun rene mutanen da suka tashi suna kallon Afirka a matsayin fili da ake hangowa daga sama, ba ƙasar masu ita ba.

Injuna da barkwanci

Littafin ya samu kasuwa, Hetzel ya ɗaure shi da yarjejeniyar kawo kundi biyu zuwa uku a kowace shekara. Haka aka fara jerin Voyages extraordinaires, wanda ya kai littattafai 54 kafin rasuwarsa. A 1864 ya kai masu karatu cikin ƙasa ta bakin wani dutse mai aman wuta a Iceland. A 1865 ya harba su zuwa wata. Tsakanin 1869 da 1870 ya nutsa da su ƙarƙashin teku cikin jirgin Nautilus na Kyaftin Nemo.

Shekarun da ya yi a gidan wasa ba su tafi a banza ba. Littattafansa da dama suna da bara mai ban dariya kusa da maigida mai ɗaure fuska: Joe, Conseil, Passepartout. De la Terre à la Lune kansa zambo ne. Wata ƙungiyar masu ƙera igwa ce a Baltimore, waɗanda yaƙin basasar Amurka ya raba da hannuwa da ƙafafu, zaman lafiya ya gundure su, sai suka yanke shawarar ƙera igwar da za ta harba harsashi zuwa wata don kawai su sami abin yi.

A Le Tour du monde en quatre-vingts jours, wanda jaridar Le Temps ta buga kashi-kashi a 1872, babu ma wata na'urar da ba a riga an ƙera ba. An buɗe mashigin Suez a 1869, a shekarar aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa yammacin Amurka, a 1870 kuma aka haɗa na Indiya. Verne ya ɗauki jadawalin jirage ya yi lissafi. Phileas Fogg ya sa fam 20,000 cewa zai zagaya duniya cikin kwana 80, ya dawo Landan yana zaton ya makara, ashe tafiyarsa ta gabas ta ƙara masa kwana ɗaya bai sani ba. Wasan kwaikwayon da aka yi da labarin a 1874 shi ne ya kawo wa Verne arziki na sosai, domin ribar littattafan mafi yawanta aljihun Hetzel take shiga. A 1889 'yar jaridar Amurka Nellie Bly ta biya ta Amiens ta gaishe shi a kan hanyarta, ta kuma kammala zagayen cikin kwana 72.

Ana yawan cewa ya hango abubuwa kafin zuwansu. Gaskiyar ta fi haka sauƙi: mutum ne mai karatu da lissafi. Tun 1800 Robert Fulton ya gwada jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Nautilus, sojojin ruwan Faransa kuma sun ƙaddamar da nasu, Plongeur, a 1863. Verne ya ɗauki abin da ke akwai ya faɗaɗa shi. Wani lokaci ya dace: mutum uku ya tura wata daga Florida, ya sauke su a tekun Pasifik, kamar yadda kumbon Apollo 11 ya yi a 1969. Wani lokaci ya kuskure: ƙarfin harbin igwa irin tasa zai murƙushe duk wanda ke cikin harsashin nan take. Shi kansa sau ɗaya ya hau balan-balan, a Amiens cikin 1873, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Da jirgin ruwansa Saint-Michel ya kai gaɓar Aljeriya da Tunisiya, amma bai taɓa wuce arewacin Afirka ba.

Fuskar da aka ɓoye

Ba duk ra'ayinsa ne ya kai ga masu karatu ba. A farkon aikinsu, Verne ya kai wa Hetzel wani littafi kan Paris ta shekarar 1960: motoci masu amfani da gas, fitilun lantarki ko'ina, na'urorin aika takarda ta waya, da jama'ar da ba ta san komai ba sai kuɗi da injuna, har wani matashin mawaƙi ya rasa abin da zai ci. Hetzel ya ƙi bugawa. Rubutun ya zauna a akwatin ƙarfe sai 1989 wani tattaɓa-kunnensa ya gano shi, aka buga a 1994.

Haka ma Nemo. Verne ya so ya zama ɗan Poland mai ɗaukar fansa kan Rasha, Hetzel ya hana saboda kasuwa da siyasa. Daga baya, a L'Île mystérieuse, aka bayyana shi a matsayin yariman Indiya da Ingila ta hallaka iyalinsa bayan tawayen 1857. Wato marubucin da ya raina almajiran Alhaji Umar shi ne kuma ya mai da mai adawa da mulkin mallaka gwarzonsa mafi shahara. A Un capitaine de quinze ans na 1878 ya la'anci cinikin bayi a Angola. Zaluncin Ingila da na Portugal ya fi saurin gani a kan na ƙasarsa.

Harsashi, majalisa da ƙarshen tafiya

Shekarar 1886 ta zo masa da nauyi. Ranar 9 ga Maris, ɗan ƙanensa Gaston, wanda ke fama da taɓin hankali, ya harbe shi a ƙafa a ƙofar gidansa, ya bar shi da ɗingishi har abada. Bayan mako guda Hetzel ya rasu. Ya rabu da jirginsa, ya daina tafiye-tafiye. A 1888 aka zaɓe shi ɗan majalisar birnin Amiens, inda ya yi shekaru yana kula da harkokin wasanni da al'adu. Littattafansa na wannan zamani sun ƙara duhu: masana masu ƙera makamai, da masu na'urar da ke son mallake duniya. Wani da ya fito a shekarar rasuwarsa, L'Invasion de la mer, ya koma Sahara, kan shirin Turawa na jawo ruwan teku cikin hamadar Tunisiya da Aljeriya, da turjiyar Abzinawan da za a raba da ƙasarsu.

Ciwon sukari ne ajalinsa. An binne shi a maƙabartar La Madeleine ta Amiens. Duk shahararsa, majalisar manyan marubuta ta Académie française ba ta taɓa karɓarsa ba, domin ana ɗaukarsa marubucin yara. Ɗansa Michel ya ci gaba da fitar da littattafai da sunansa, yana gyarawa yana ƙarawa. Ɗaya daga ciki, L'Étonnante Aventure de la mission Barsac, wanda ya fito a matsayin littafi a 1919 kuma mafi yawansa aikin ɗan ne, ya kafa wani ɓoyayyen birnin 'yan ta'adda mai injunan tashi a hamadar da ke gabashin kogin Neja.

A yau jami'ar Amiens na ɗauke da sunansa, an kuma sa sunansa ga kumbon dakon kaya na farko da Turai ta aika tashar sararin samaniya a 2008. Littattafansa sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet. Ɗalibin Zinder, Marwa ko Njamena da zai buɗe Cinq semaines en ballon zai amfana in ya ajiye Barth da tarihin garinsu a gefe, ya gwada abin da aka gani daga kwando da abin da ke ƙasa.