Tarihin Don Cherry, Mabushin da Ya Gama Kiɗan Jaz da na Turkiyya

An haifi Don Cherry a birnin Oklahoma na ƙasar Amurka a shekara ta 1936, amma a Los Anjalas ya girma, a unguwar baƙar fata ta Watts. A can ya koyi busa, har ya shahara da wani ɗan ƙaramin ƙaho na tagulla wanda tsawonsa bai fi taƙi guda ba.

Sunansa ya fara fitowa ne a ƙungiyar Ornette Coleman, wadda ta fitar da faifan The Shape of Jazz to Come a 1959. Ƙungiyar nan ba ta da mai kaɗa piyano, saboda haka mabushi yana da damar ya karkata muryar ƙahonsa yadda ya ga dama. Wannan horo shi ya share masa hanya zuwa kiɗan Turkawa, domin kuwa a tsarinsu na makam akwai muryoyi da ke faɗawa a tsakanin maɓallan piyano biyu, waɗanda piyano ba ya iya fitarwa sam.

Da ya koma Suwidin da zama, sai ya haɗu da wani mabushi Baturke, Maffy Falay, wanda ya koya masa waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu da kuma kiɗan da suke kira aksak, wato mai ɗingishi. Ana ƙirga shi tara, biyu-biyu sau uku sa'an nan uku, abin da kan rikita makaɗin da ya saba da huɗu. A watan Nuwamba na 1969 ya yi wasa a Ankara tare da makaɗa Turkawa uku, cikinsu har da mai ganga Okay Temiz. Sai a 1978 aka fitar da faifan, da sunan Live in Ankara. Abin lura shi ne, bai mai da waƙoƙin nan ado kawai ba. A kansu ya gina busarsa, ya bar su da ƙirgarsu ta asali.

Bayan haka ya ci gaba da yawon neman kiɗa, har ya ƙware a molon maharba na ƙasar Mali. Ya rasu a Malaga ta ƙasar Sifen ran 19 ga Oktoba, 1995, sakamakon ciwon dajin hanta, yana da shekara 58.