Tarihin Uwa Mary Martin, Sista Mai Jinya

An haifi Marie Helena Martin a shekarar 1892 a Glenageary, kusa da birnin Dublin na ƙasar Ayalan. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya 12 na wani attajirin katako wanda ya rasu a 1907. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sai ta shiga aikin jinyar sojoji, ta yi aiki a tsibirin Malta da kuma Faransa. Bayan yaƙi ta koyi aikin ungozoma a Dublin.

A 1921 ta sauka Kalaba bisa gayyatar Bishop Joseph Shanahan. Burinta shi ne ta kafa ƙungiyar sistoci, wato matan da suka bar aure don ibada, waɗanda sana'arsu za ta zama magani da karɓar haihuwa. To, a nan ne gizo ya yi saƙa, domin kuwa dokar Cocin Katolika ta wancan zamani ta hana sista yin tiyata ko karɓar haihuwa. Ga mata na mutuwa wajen naƙuda, ga mai ilmin taimako a tsaye, amma makarantar 'yan mata aka ba ta ta riƙe. Wanda ya san yadda mace a ƙasar Hausa kan gwammace ta daure a ɗaka da ta je gaban likita namiji, ba sai an yi masa dogon bayani kan illar wannan doka ba. Ko yau, mai wucewa ta Gyadi-Gyadi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ga yawan matan da ke neman 'yar'uwarsu mace ta duba su.

Ta koma gida a 1924, ta shiga wata ƙungiyar sistoci, ta fita saboda ba abin da take nema ba ne. Shekaru suka yi ta tafiya, ga rashin lafiya. A ganina wannan jira shi ne babban aikinta, domin da ta haƙura ta zama malamar makaranta ba wanda zai zarge ta.

Sai a 1936 fadar Fafaroma ta ɗage hanin. Ta dawo Nijeriya, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita a asibitin gwamnati na Fatakwal. A kan gadon nan, ana ganin ba za ta tashi ba, ta ɗauki alkawarin zama sista ran 4 ga Afrilu, 1937, ƙungiyarta ta Medical Missionaries of Mary ta tabbata. Sistocinta suka riƙe asibitin St. Luke da ke Anua, sa'an nan suka kama jinyar kutare a Ogoja. A 1963 ƙungiyar Red Cross ta ba ta lambar Florence Nightingale. Ta rasu a garin Drogheda ran 27 ga Janairu, 1975, tana da shekara 82.