Tarihin Abu Zaid al-Balkhi, masanin lafiyar jiki da ta zuciya

An haifi Abu Zaid Ahmad bin Sahl al-Balkhi a wajejen shekarar 850 Miladiyya, a ƙauyen Shamistiyan da ke kusa da birnin Balkh, a arewacin ƙasar Afghanistan ta yau.

Mahaifinsa malami ne mai koyar da yara, wanda asalinsa mutumin yankin Sijistan ne.

Tun yana saurayi ya bi ayarin mahajjata zuwa Iraƙi domin neman ilimi, inda ya shafe kimanin shekaru 8.

A can ne ya yi karatu a gaban shahararren masanin falsafa, Yaƙub bin Ishaƙ al-Kindi, ya kuma zurfafa a ilimin taurari da likitanci da ilimin addini.

Komawa gida

Bayan da ya koma Balkh, ya kama sana'ar mahaifinsa ta koyarwa. Marubuta tarihinsa sun bayyana shi a matsayin mutum siriri, mai yawan shiru da kunya, wanda agana ta bar wa tabo a fuska.

Amma ƙwarewarsa a rubutun Larabci ta sa aka riƙa kwatanta shi da al-Jahiz na Basra.

Alƙalamin nasa ya janyo masa asara. An ruwaito cewa wasu manyan masu mulki da ke ba shi alawus sun yanke masa, saboda littattafan da ya rubuta sun saɓa wa ra'ayinsu.

Lokacin da Ahmad bin Sahl al-Marwazi ya karɓi mulkin Balkh a wajejen shekarar 918, ya yi masa tayin muƙamin waziri. Abu Zaid ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda.

Ya wallafa littattafai sama da 40, sai dai akasarinsu sun salwanta. Aikinsa kan taswirar ƙasashe shi ne tushen da masana irin su al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka ɗora nasu a kai.

Jiki da zuciya

Littafinsa da aka fi magana a kai a yau shi ne Masalih al-Abdan wa al-Anfus. Ya kasa shi gida biyu: babi 14 kan jiki, babi 8 kan zuciya.

A ciki ya soki likitocin zamaninsa saboda mayar da hankali ga jiki kaɗai. Hujjarsa ita ce ɗan Adam jiki ne da rai, kuma ciwon ɗaya yana taɓa ɗayan.

Zazzaɓi ko ciwon kai kan hana mutum tunani da fahimta. Haka nan baƙin ciki mai tsanani kan raba shi da jin daɗin rayuwa, har ya kai ga kwantar da jikinsa.

Ya lura cewa mutum zai iya shafe shekaru bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya rana ta wuce bai gamu da abin da zai ɓata masa rai ba. Don haka a ganinsa kowa na buƙatar sanin yadda ake kula da zuciya.

Ya kasa damuwoyin zuciya gida huɗu: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki, sai kuma waswasi.

Game da baƙin ciki, ya bambanta wanda ke da sanannen dalili, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani irin na jiki tare da abin da zai faranta rai.

Magani a wurinsa ta hanya biyu yake zuwa. Akwai na waje, wato nasihar mai hikima da aka amince da shi, akwai kuma na ciki, wato tunanin da mutum zai yaƙi mugun tunani da shi.

Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Ga mai waswasi kuwa, ya hore shi da guje wa kaɗaici da zaman banza.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan faɗuwar Ahmad bin Sahl, Abu Zaid ya koma gonarsa a Shamistiyan, inda ya rasu a shekarar 934, wato 322 bayan Hijira.

Littafin nasa ya daɗe a ajiye cikin rubuce-rubucen Ayasofya a birnin Istanbul, har zuwa 1984 da masani Fu'ad Sezgin ya buga hoton kwafinsa a Frankfurt.

A shekarar 2013 kuma, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Farfesa Malik Badri, ya fassara ɓangaren zuciyar zuwa Ingilishi, yana mai nuna kamanninsa da hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi a yau ta gyara tunanin mara lafiya.