Tunawa Da Marigayi Alhaji Alhasan Ɗantata

'Yan'uwa mazauna Kurmi, attajirin nan da ake buga misali da shi a Kano, shi ma a baƙon wuri ya fara tara abin hannunsa.

An haifi Alhasan a Bebeji cikin 1877. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, sai wata baiwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan Ɗantata ya bi shi. Ya yi fataucin goro a Gwanja, yana loda shi a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya koma gida ya kama cinikin gyaɗa. Cikin 1929 azurfa kayan raƙumi 20 ya kai banki ajiya.

Dukiyar ba ta rufe masa ido ba. Ya ciyar da talakawa, ya ba ƙananan 'yan kasuwa jari, ya biya wa mutane kuɗin aikin Hajji. Da ajali ya matso, ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su da su riƙe zumunci, kada su wargaza kasuwancin.

Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955. Allah ya jiƙansa, amin.