Janar Estienne, uban tankokin yaƙi na Faransa

An haifi Jean-Baptiste Estienne ran 7 ga Nuwamba 1860 a ƙauyen Condé-en-Barrois, gabashin Faransa. Yaro ne mai kaifin kai wajen lissafi, shi ya sa ya samu shiga babbar makarantar Polytechnique, ya fito hafsan sojan igwa. Tun kafin yaƙin duniya na farko ya lura cewa mai harba igwa makaho ne muddin babu mai duba masa inda harsashi ya faɗi, don haka yana cikin na farko da suka sa jirgin sama wannan aiki.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sojoji suka shige ramuka, bindiga mai ruwan harsashi tana kashe duk wanda ya ɗaga kai. A Disamba 1915 Estienne, lokacin yana kanar, ya rubuta wa Janar Joffre yana neman a ƙera mota mai sulke wadda ke tafiya bisa sarƙa. Fitar farko, ran 16 ga Afrilu 1917 a Berry-au-Bac, ba ta yi daɗi ba: tankoki da yawa suka ƙone, kumandan Bossut da ya ja gaba ya mutu. Estienne bai karaya ba. Ya tsaya wa ƙaramar tanka FT ta kamfanin Renault, wadda ta taimaki Faransa ƙwarai a 1918.

Bayan yaƙi ya yi ta kira da a tara tankoki wuri guda, rundunarsu dabam, da motocin ɗaukar soja da na mai a bayansu. Manyan hafsoshi suka fi son a rarraba su su riƙa rakiyar sojan ƙasa. A 1921 ya fara shirin wata babbar tanka, wadda daga baya aka sa wa suna B1.

Sunansa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ya shugabanci kamfanin Transsaharienne mai ratsa Hamada da mota, kuma ɗansa Georges ne ya kafa kamfanin da a wancan zamani motocinsa ke tasowa daga Alje, su bi Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano.

Ya rasu a Paris ran 2 ga Afrilu 1936, bai ga abin da ya sami tankarsa ba. Ita B1 bis, nauyinta ya wuce tan 30, kaurin sulkenta milimita 60, da igwa biyu. Ran 16 ga Mayu 1940 a Stonne, guda ɗaya tak, ta kyaftin Billotte, ta fasa tankokin Jamus 13, ta komo lafiya. Amma tana da aibi: shan mai gare ta, kuma kumandanta shi kaɗai ne cikin hasumiya, shi ke duba hanya, shi ke ɗura harsashi, shi ke harbi. Kwana guda kafin Stonne, a Flavion cikin Beljik, Jamusawa suka tarar da runduna ta farko ta manyan tankoki tana shan mai, domin motocin man sun makara. Rundunar ta watse. Da yawa daga cikin tankokin nan ba harsashin abokan gaba ya tsai da su ba: mai ne ya ƙare ko inji ya lalace, masu su suka fasa su da hannunsu ko suka bar su bakin hanya. Ga ganina laifin na masu shirin yaƙi ne, waɗanda suka karɓi ƙarfen Estienne suka ƙi shawararsa.

Jamusawa suka tsince fiye da 150, suka gyara su, suka shafa musu alamarsu. Waɗansu suka ɗora musu bututun feshin wuta, suka kai su yaƙin Rasha a 1941.