Malam Muhammadu Bakatsine, Masanin Hisabi da Ya Kwanta a Alƙahira

A zamanin yau, idan ɗalibin kimiyya ko injiniya ya sami damar zuwa wata jami'a a Ingila ko Amurka domin binciken 'yan watanni a lokacin dogon hutu, sai a riƙa kallon tafiyar kamar baƙon al'amari da boko ya kawo. Alhali kuwa kusan shekara 300 ke nan da wani mutumin ƙasar Katsina ya ƙetare sahara da ilmin lissafi a kansa, har malaman Masar suka zauna gabansa suna ɗaukar karatu. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani, wanda Larabawa ke kira Alkashinawi, wato Bakatsine.

A ƙasar Sudan ya yi karatunsa, kafin jihadin Shehu Usmanu da kusan ƙarni guda. Daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali, mutumin Bagarmi, da kuma Muhammadu Bindu, wanda a hannunsa ya karɓi hisabi da ilmin haruffa da na hatimi. Sai da ya ƙoshi da ilmi sa'an nan ya nufi gabas aikin hajji. Da ya sauke farali ya zauna a Hijaz na ɗan lokaci, daga bisani ya sauka Alƙahira.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne littafin Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala wajen 1732 a kan hatimi. A nan ya kamata mu dakata kaɗan, domin mafi yawanmu mun san hatimi ne a bayan allo ko a cikin laya, irin wadda ba a rasa gani a wuyan yaro ko na doki a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, saboda haka muke ɗaukarsa tsibbu zalla. To, amma ƙashin bayansa lissafi ne. Alal misali, hatimi mai gida tara ana jera shi haka: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 49 kuwa 175. Malam Muhammadu ya shimfiɗa ƙa'idojin cika irin waɗannan gidaje masu adadin mara, yadda ɗalibi zai san inda kowane adadi zai sauka ba tare da lalube ba. Gaskiya ne shi kansa bai raba wannan fanni da asirai ba, kamar sauran malaman zamaninsa, amma a ganina wannan bai rage wa lissafin kome ba.

A 1733 ya gama wani babban littafi, Addurrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, kuma ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi.

A Alƙahira ya shaƙu da Shehu Hasan Aljabarti, malamin Azhar wanda ya shahara da ilmin falaki, gidansa kuma cike da littattafai da kayan awon taurari. Shehu Hasan ya yi karatun hatimi a wurinsa. A gidan nan ne ajali ya riske shi a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar da fiye da shekara goma, shi ya adana mana labarinsa a cikin littafinsa na tarihin Masar.

Malam Muhammadu bai koma Katsina ba. Shehu Hasan ya bari wasiyyi a kan littattafansa, shi ne kuma ya binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira. Kofe ɗaya na Bahjatul Afaƙ yana ajiye a ɗakin karatu na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka a birnin Landan.