Maria Malibran: Mawaƙiyar da ta mallaki zukatan masu sarautar Turai

A farkon ƙarni na 19, gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, shi ne mahaɗar masu sarauta da attajiran Turai. A La Scala ta birnin Milan, manyan gidaje ke mallakar ƙananan ɗakunan da ke fuskantar dandamali, inda suke hira da karɓar baƙi, ba su cika yin shiru ba sai gwanin mawaƙi ya fito. Maria Malibran na cikin waɗanda ake yi wa wannan shiru.

An haife ta a Paris a 1808. Mahaifinta, Manuel García, mawaƙi ɗan Sifaniya, shi ya horar da ita da tsanani. Tana da shekara 17 ta fito a King's Theatre na Landan a 1825, a matsayin Rosina cikin wasan Rossini na wanzamin birnin Seville. A shekarar iyalinta suka tafi New York, inda ta auri Eugène Malibran, ɗan kasuwar da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ba a jima ba ya karye, ta koma Turai a 1827, ta shiga neman na kanta da muryarta.

Daga Paris zuwa Naples da Milan, sunanta kaɗai kan cika zaure. Sai dai ba ta da sauƙin juyawa. A 1835, a wasan Maria Stuarda na Donizetti, ta yi biris da gyare-gyaren masu tace wasanni, hukumomin Milan kuwa suka haramta wasan. A shekarar ne kuma ta yafe ladanta ga wani gidan wasa a Venice, wanda har yau yake ɗauke da sunanta.

A 1836, bayan an warware aurenta na fari, ta auri makaɗin goge Charles de Bériot. Watanni kaɗan bayan haka ta faɗo daga kan doki a Ingila, amma ta ƙi hutawa, ta ci gaba da cika alƙawuran wasa. A watan Satumba jikinta ya gaza a bikin waƙa na Manchester, ta rasu ranar 23 ga watan tana da shekara 28. Kabarinta yana Laeken, a birnin Brussels.